Aikin Sa-kai, Tsawar Ubangida: Halin da Masu Riƙon Manhajojin Kyauta Ke Ciki

A watan Yunin 2022 wani mai kiran kansa Jigar Kumar ya sa Lasse Collin a gaba da saƙonni. Ƙorafinsa shi ne mutane sun turo gyare-gyare an yi watsi da su, aiki ya tsaya cak, kuma muddin ba a sauya mai riƙon manhajar ba, babu inda za a je. Collin, ɗan ƙasar Finlan, ya haura shekara goma yana kula da XZ Utils kusan shi kaɗai. Ƙaramar manhaja ce mai matse fayil ya ragu don ya yi sauƙin ajiya da aikawa, kuma da wuya ka buɗe kwamfuta mai aiki da Linux ka rasa ta a ciki, har da manyan kwamfutocin da bankuna, kamfanonin waya da gwamnatoci ke ajiye bayanansu.

Amsar da Collin ya bayar ta mutumin da ya gaji ce. Ya ce bai daina son aikin ba, sai dai rashin lafiyar da ta daɗe tana damunsa ta rage masa kuzari. Ya kuma tuna wa mai ƙorafin cewa aikin nan na sha'awa ne, ba wanda ke biyansa ko sisi. Ya ambaci wani Jia Tan da ke kama masa a 'yan watannin nan, wanda wataƙila nan gaba zai ɗauki kaso mafi girma.

Sai wani Dennis Ens ya shigo da murya mai laushi, wadda ta fi tsawar farko ciwo. Ya jajanta masa a kan rashin lafiyar, sannan ya ce ya kamata mutum ya san iyakar ƙarfinsa, jama'a na son fiye da abin da suke samu, me zai hana ya miƙa wa wani? Kafin watan ya ƙare Collin ya bayyana cewa Jia Tan, a aikace, ya riga ya zama abokin riƙonsa.

Waɗanda suka ga wannan musayar a lokacin ba su tsinci komai a cikinta ba. Irinta ake yi kowace rana tsakanin masu aikin sa-kai da masu cin moriyar aikinsu, har kunne ya saba.

Takardar da ba wanda ke karantawa

Da yawa daga manhajojin da duniya ke tsaye a kansu ba sayensu ake yi ba. Wayar Android da ke aljihunka, ƙashin bayanta Linux ne, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. VLC da ake kallon fim da shi a waya da kwamfuta yana jingine da wata manhaja mai suna FFmpeg wajen buɗe bidiyo da sauti. Ana kiran irin waɗannan buɗaɗɗun manhajoji, domin kowa na iya ganin rubutun cikinsu, ya ɗauka, ya gyara, ya sa a kayan sayarwarsa. A 2024 wasu masu bincike a Jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa da kowane kamfani zai rubuta wa kansa abin da yake ɗauka kyauta, da kuɗin sun kai dala tiriliyan 8.8. A shekarar dai, binciken jin ra'ayi na kamfanin Tidelift ya nuna kashi 60 cikin 100 na masu riƙon irin waɗannan manhajoji ba a biyansu.

Kowace daga cikinsu tana zuwa da lasisi, na MIT ko GPL ko makamancinsu, kuma kusan duka suna ɗauke da sharaɗi ɗaya da ake rubutawa da manyan baƙaƙe: ga kaya nan yadda suke, babu garanti, in sun ɓata maka aiki kada ka nemi kowa. A takarda ke nan, mai manhaja ba ya da haƙƙin kowa a wuyansa. A zahiri kuwa lamarin ya fi kama da rijiyar unguwa: kowa na jefa gugansa, mutum ɗaya ke shiga yasa, ranar da ruwa ya gurɓace kuma ƙofar gidansa ake zuwa da hayaniya.

Daniel Stenberg na ƙasar Suwidin ya fi kowa tara shaidar wannan. Tun 1998 yake jagorantar curl, manhajar da ke ɗauko bayanai daga intanet ta kai su inda ake so, wadda ke cikin wayoyi, talabijin, na'urorin wasa da motoci, biliyoyinsu. Lasisinta ya wajabta a rubuta sunan mai ita a duk inda aka sa ta, shekara da shekaru kuma adireshin imel ɗinsa na biye da sunan. To ka ɗauki mai mota da ya zauna a bakin titi, allon motar ya ƙi haɗuwa da wayarsa, ko taswira ta rikice masa. Ya yi ta latse-latse, daga wannan shafi zuwa wancan, har ya faɗa can ƙasa inda aka jibge bayanan doka da ƙananan haruffa. Babu lambar kamfanin motar, babu sunan injiniyansu. Adireshi guda ne kawai na ɗan Adam a wurin. Sai ya rubuta wa Stenberg, wani da roƙo, wani da faɗa, yana neman a gyara masa motar da mutumin bai taɓa gani ba. A 2021 ma wani da ya zaci shi ne ya yi masa kutse ya aiko masa da barazanar kisa.

Mai motar nan ban ga laifinsa sosai ba. Ya biya kuɗinsa, kaya sun ƙi aiki, ya kama wanda ya samu. Inda abin ya zama rashin ta ido shi ne sa'ad da masu kuɗin da kansu suka ɗauki wannan murya.

A ranar 9 zuwa 10 ga Disamban 2021 labari ya bazu cewa akwai ɓaraka a Log4j, wata manhaja ta Gidauniyar Apache da ke rubuta bayanan abin da ke faruwa a cikin sauran manhajoji. Wani ma'aikacin Alibaba na ƙasar Sin, Chen Zhaojun, ya sanar da masu ita tun ƙarshen Nuwamba. Ɓarakar ta samu maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari, domin ɗan gajeren rubutu kawai mai kutse zai aika ya karɓe kwamfutar wani. 'Yan tsirarun masu sa-kai da ke riƙe da Log4j suka raba dare suna faci. Ɗaya daga cikinsu, Volkan Yazıcı, ya fito ya koka cewa ba sa barci, amma zagi bai tsaya ba, a kan aikin da ba a biyansu, kuma a kan wani sashe na manhajar da su kansu ba sa so, sun bar shi ne don kada tsofaffin masu amfani su shiga matsala.

Bayan 'yan makonni, a Janairun 2022, wani babban kamfanin Amurka ya aika wa Stenberg jerin tambayoyi a kan Log4j, ya ba shi awa 24 ya amsa. Babu abin da ya haɗa curl da Log4j, kuma babu wata yarjejeniya tsakaninsa da kamfanin. Wani ne a ofis ya ga suna a jerin "masu kawo mana kaya" ya tura takarda. Stenberg ya amsa cikin ladabi cewa da zarar sun sa hannu a kwantiragin tallafi zai ba su duk amsar da suke so. Masu FFmpeg ma sun ba da labari irin wannan a Afrilun 2024: ma'aikacin Microsoft ya kawo musu wata matsala da ta shafi manhajarsu ta Teams, ya yi mata laƙabi da ta gaggawa. Da suka nemi a yi kwantiragin kulawa na dogon lokaci, sai aka yi musu tayin 'yan dubban daloli sau ɗaya.

Ba yau aka fara ba. Lokacin da ɓarakar Heartbleed ta bayyana a Afrilun 2014, aka gano cewa OpenSSL, manhajar da ɓarakar ke ciki, wadda ke kulle sirrin kaso mai yawa na shafukan intanet, gudummawar kusan dala 2,000 take samu a shekara, kuma mutum ɗaya ne ke mata aiki cikakken lokaci. An yi ta salati, Gidauniyar Linux ta haɗa asusu, manyan kamfanoni suka zuba kuɗi. Ƙura na lafawa aka koma gidan jiya.

Rabin daƙiƙa

Mu koma ga Jia Tan. Ya fara turo ƙananan gyare-gyare tun ƙarshen 2021, masu kyau, marasa hayaniya. Yana da ladabi, yana da ƙwarewa, ba ya gajiya da aikin da wasu ke gudu. Bayan matsin lambar 2022 ya samu izinin shigar da gyara da hannunsa, a 2023 kuma ya fara fitar da sabon zubin manhajar da kansa. Jigar Kumar da Dennis Ens, da buƙata ta biya, sai suka ɓace. Masu bincike daga baya ba su samu wata alamar rayuwarsu a wani wuri ba, abin da ya sa aka fi karkata ga cewa sunaye ne na bogi da aka ƙirƙira don a gajiyar da Collin.

A Fabrairu da Maris na 2024 Jia Tan ya fitar da zubi na 5.6.0 da 5.6.1. A cikinsu akwai ɓarauniyar hanya, an ɓoye ta a fayilolin gwaji, irin waɗanda ake lalatawa da gangan don a ga ko manhajar za ta gane lalatacce, wurin da ba mai ɓata lokacinsa ya leƙa. Sai a lokacin haɗa manhajar take fitowa ta maƙale, daga nan ta kai hannu ga SSH, ƙofar da injiniyoyi ke bi su shiga manyan kwamfutoci daga nesa. Wanda ke riƙe da wani mabuɗin sirri guda ɗaya zai iya ba kwamfutar umarni ba tare da an tambaye shi ko shi waye ba.

Andres Freund, Bajamushe ma'aikacin Microsoft mai aiki a kan rumbun bayanai na PostgreSQL, ba farautar ɓarayi ya fita ba. Yana auna saurin aikinsa ne a kan zubin gwaji na Debian, wani nau'in Linux, sai ya lura SSH na cin ƙarfin kwamfuta fiye da ƙima, shiga kuma ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da wani ne, da ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Shi ya bi diddigi har ya iske abin da aka binne, ya sanar da duniya ranar 29 ga Maris, 2024. A lokacin gubar ta shiga zubin gwaji na Debian da Fedora, da openSUSE Tumbleweed da Kali Linux, amma ba ta kai ga tabbatattun zubin da kamfanoni ke ɗorawa ba. Saura ƙiris. Har yau ba a bayyana ko wane ne Jia Tan ba. Haƙurin shekara biyu da rabi da ƙwarewar aikin sun sa masana da yawa zargin hannun wata gwamnati.

An yi rubuce-rubuce da yawa a kan dabarar ɓoye gubar, kuma ta cancanci mamaki. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makamin da aka fara amfani da shi. Maharan ba su fasa kalmar sirrin Collin ba, ba su saci kwamfutarsa ba. Sun yi shigar masu amfani marasa godiya ne kawai, shigar kuma ta zauna musu daram domin na gaske sun cika ko'ina. Da a ce gatsali ga mai aikin sa-kai baƙon abu ne, da wani ya tsawatar tun saƙon farko. Ba wanda ya ce uffan.

Makonni kaɗan bayan sanarwar Freund Gidauniyar OpenJS da ta OpenSSF suka sanar cewa an gwada irin wannan dabara a kan wata manhajar JavaScript: saƙonni daga sunaye daban-daban masu kama da juna, suna kukan akwai matsalar tsaro ta gaggawa, suna neman a ba su riƙo. Tun 2018 ma an ga samfurinsa, sa'ad da Dominic Tarr ya miƙa manhajarsa event-stream, wadda ya daina amfani da ita, ga wani baƙo da ya nuna sha'awa, baƙon kuma ya cusa mata abin satar kuɗin Bitcoin daga asusun Copay.

Su ma ba waliyyai ba ne

Zai zama son kai a ce laifin duk na ɓangare ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa kai tambayar sabon shiga gaban tsofaffin hannu ya san irin tarbar da ake iya yi masa. Je ka karanta littafin bayani. An riga an amsa wannan. In kana so a gyara, turo gyaran da kanka. Wani lokaci ma ba amsa, sai ka dawo ka tarar na'ura ta rufe ƙorafinka don ya kwana biyu ba wanda ya taɓa shi. Mutumin da Turanci ba harshensa ba ne, wanda ya haɗa jimlolinsa da ƙyar da ɗan datan da ya rage masa, irin wannan amsa kan sa ya tafi ba ya ƙara dawowa. Wanda aka kora yau da baƙar magana, wataƙila shi ne da zai zama mataimakin da ake kukan babu.

Torvalds kansa ya shahara da zafin baki ga masu turo masa aikin da bai gamshe shi ba. A Satumban 2018 ya fito ya nemi afuwa, ya ce halin nasa ya cutar da mutane, ya janye na kusan wata guda, Linux kuma ta ɗauki sabuwar ƙa'idar zaman tare.

Sai dai kaifin harshen nan yana da tushe. Mai tambaya sau ɗaya yake tambaya. Mai amsa ya ji tambayar sau ɗari. Rahoton matsala da ya ce "ba ya aiki" kawai, babu lambar zubi, babu irin kwamfutar, babu matakan da za a bi a ga matsalar, yana iya cinye wa mutum daren da ya ware wa iyalinsa. Ga kuma bambancin da ba a cika faɗa ba: mai amfani in ya fusata yana iya komawa wata manhajar, mai riƙo kuwa sunansa na manne da aikin, duk abin da ya lalace shi za a nuna.

Shi ya sa wasu ke ajiye kayan su yi tafiyarsu. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan da ya ƙirƙiri harshen Python, ya sauka daga jagorancinsa a Yulin 2018 bayan doguwar taƙaddama a kan wani ƙaramin sauyi, ya ce ya gaji da yaƙi a kan shawarar da ya yanke alhali mutane da yawa na ƙyamarta. Wasu kuma ba sa tafiya shiru. A Maris 2016 Azer Koçulu ya janye manhajojinsa sama da 250 daga rumbun npm bayan an ƙwace masa sunan ɗaya an ba kamfanin Kik. A cikinsu akwai left-pad, mai layi 11 kacal, amma rashinta ya tsayar da aikin dubban injiniyoyi har sai da npm ta maido da ita ba da yardarsa ba. A Janairun 2022 Marak Squires, wanda ya daɗe yana cewa ba zai ci gaba da yi wa manyan kamfanoni aikin banza ba, ya lalata manhajojinsa colors da faker da hannunsa. Wannan kam ɗanyen aiki ne, domin waɗanda abin ya fi shafa ƙananan masu rubuta manhaja ne irinsa, ba shugabannin kamfanonin da yake fushi da su ba.

Kuɗi da doka

An fara motsi, ko da a makare. GitHub ya buɗe hanyar tallafa wa masu riƙo da kuɗi a 2019, amma mafi yawansu abin da ke shigowa bai taka kara ya karya ba. Lokacin rikicin Log4j aka lura ɗaya daga jagororinta, Ralph Goers, masu tallafa masa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Gwamnatin Jamus ta kafa asusun Sovereign Tech Fund a 2022, bisa hujjar cewa irin waɗannan manhajoji kayan more rayuwa ne na jama'a da ya kamata hukuma ta kula da su. Asusun ya ba masu manhajar GNOME yuro miliyan 1 a 2023, ya kuma tallafa wa curl da FFmpeg.

Kuɗi na rage wani abu, ba ya rage komai da komai. Mai riƙon da aka biya yana iya barin aikin ofis ya fuskanci manhajarsa, amma da zarar an ji ana biyansa sai muryar masu buƙata ta ƙara tsauri. Kuma akwai abin da badaƙalar XZ ta lalata wanda ba a saye: amana ga baƙo. Shekara da shekaru shawarar da ake ba mai riƙon da ya gaji ita ce ya nemi mataimaki. Yanzu matashin da ya zo daga ƙasar da ba a san shi ba, da sunan da ba a saba ji ba, yana aiki tuƙuru ba ya neman komai, ya yi kama da abin da aka ce a yi hattara da shi. Wannan asara ce da za ta fi faɗa wa masu tasowa daga Afirka da Asiya, waɗanda ba su da kuɗin jirgi da bizar zuwa tarukan da ake haɗuwa ido da ido a san juna.

Tarayyar Turai ta ɗauki wata hanyar. Dokarta ta tsaron kayan fasaha, wadda ta fara aiki a Disamban 2024, ta ɗora alhakin tsaro a kan wanda ya sa kaya a kasuwa yana karɓar kuɗi. Daftarin farko ya tayar da hankalin gidauniyoyi irin su Apache, Eclipse da ta Python, waɗanda suka ji tsoron a kama mai aikin sha'awa da laifin abin da wani kamfani ya yi da rubutunsa. Bayan kai ruwa rana aka gyara: wanda ba kasuwanci yake yi da manhajarsa ba ya fita daga ciki, gidauniyoyi kuma aka ba su nauyi mai sauƙi. Kamfanin talabijin da ya ɗauki manhajar kyauta, shi zai tabbatar da lafiyarta, in kuma ya gano ɓaraka a cikinta dole ya sanar da masu ita.

Manyan sharuɗɗan dokar za su hau kan kamfanoni gaba ɗaya a Disamban 2027. Kafin lokacin kowane kamfani zai buƙaci sanin abin da ke cikin kayansa da wanda ke kula da shi, masu riƙo da dama kuma sun riga sun fara shirin amsar da za su bayar idan takardun tambaya masu wa'adi suka fara sauka a akwatinsu.